Yadda Ake Zaɓen Ƙugiya, Jigi da Kifin Roba Don Fatsa a Koguna da Dam-dam

Sabon shiga harkar fatsa daga shago yake farawa. Ya ga kifayen roba a rataye, ja da kore da ruwan gwal, wasu har da 'yan duwatsu a ciki suna kacau-kacau, sai ya zuba kuɗi ya cika akwati. Ni ma haka na yi shekarun baya. Na ɗauki akwatina na nufi dam ɗin Tiga, na wuni ina jifa, ko taɓi ban samu ba. Kusa da ni akwai wani dattijo masunci, zare kawai a hannunsa da gwangwanin tana, ya riga ya tara ragon ruwa 4 da karfasa rabin ƙwarya. Da la'asar na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina na kuskure?" Ya ɗauki ragon ruwa ɗaya ya wage masa baki ya nuna mini faɗinsa, sannan ya farke cikin, ya zaro 'yan kifaye da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce, "Malam, ga abin da yake ci. Naka ya yi kama da wannan?" Nawa ya ninka su sau uku, kuma yana iyo ne a saman ruwa alhali kifin yana ƙasa.

Tun ranar na sake tsari. Ina fara duba kifi, sai ruwa, sai ƙugiya, kayan ƙyalƙyali su zo a ƙarshe. A kan wannan tsarin zan bi da kai.

Mataki na 1: Tsayar da kifin da kake nema

Kifayen ruwanmu ba hanya ɗaya suke neman abinci ba, kuma wannan bambancin shi ke raba wanda zai ci ƙoton ƙarya da wanda ba zai ko kalle shi ba.

Akwai mafarauta, masu bin abin da ke motsi: giwan ruwa, tsage da wasu wurare ke kira zawai, da tufi na cikin ciyawa. Waɗannan su aka yi wa cokali, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai walƙiya da ƙugiya, da kifin roba. Giwan ruwa yana da ƙaton baki, zuƙe kifi yake yi gaba ɗaya, yana kwanto a gindin dutse ko kututture, kuma idonsa na gani a duhu-duhu, shi ya sa asuba da gab da magariba ne lokacinsa. Tsage kuwa a guje yake kai hari, da haƙora a waje kamar na zarto da muƙamuƙi mai ƙashi.

Akwai masu bin ƙanshi da ɗanɗano da gashin bakinsu: tarwaɗa, ramboshi, ƙurungu. Su tana suke so, ko hanjin kaza, ko yankan kifi, ko gara. Za ka iya dacewa da tarwaɗa a kan jigi, wato ƙugiya mai kan dalma da jela, amma wanda ya fita nemanta da kifin roba zalla ya zaɓi doguwar hanya. Ragon ruwa yana tsakiya: yana da gashin baki kamar 'yan uwansa, amma mafarauci ne na sosai, kuma jigi da aka ja a hankali kusa da ƙasa yana kama shi.

Sai masu kiwo da tsotsa. Karfasa, ko gargaza a wani bakin, bakinta ƙarami ne, gansakuka da ƙananan ƙwari take ci, ƙaramar ƙugiya da tana ko ƙullun dusa sun ishe ta. Bargi tace abincinsa yake yi daga ruwa da laka, kada ka ɓata kuɗin kifin roba a kansa.

Idan ba ka san abin da ke cikin ruwan da za ka ba, ka je mashaya da sassafe lokacin da jirage ke dawowa. Dubi abin da aka kamo, ka sayi ɗaya, ka buɗe cikinsa. Darasin da za ka samu a nan babu mai shagon da zai ba ka.

Mataki na 2: Karanta ruwan

Abu uku za ka tambayi kanka: zurfinsa nawa, garau yake ko ya gurɓace, me ke ƙasansa.

Zurfi da gaba masunta ke auna shi, gaba 1 kuwa ya kusa mita 2. Ɗaura noti a zare ka saka, za ka san zurfin, kuma a hannunka za ka ji ko dutse ne a ƙasa, ko yashi, ko laka mai riƙewa. Yawancin dam-dam ɗinmu a kan daji da gonaki da ƙauyuka ruwa ya kwanta. Kainji da aka gama a 1968, Tiga a 1974, Challawa a 1992, duk akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsu har yau. Nan kifi yake fakewa, nan kuma ƙugiya take maƙalewa, don haka duk abin da za ka jefa a wurin ka sa a ranka cewa yana iya zama bai dawo ba.

Launin ruwa yana bin lokaci. Tafkin Kainji cika biyu yake samu a shekara. Na farko ruwan daminar nan kusa ne, yana zuwa da laka, fari-fari kamar kunu, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana tafiya ta Mali da Nijar, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso da sanyin hunturu ya kwanta garau. A na farko kifi ba ya gani nesa, da girgiza da ƙanshi yake farauta. A na biyu yana ganin komai, har da kaurin zarenka. Kaya ɗaya ba zai yi maka aiki a duka biyun ba. Ka kuma tuna cewa in hunturu ya kankama kifi yana yin nauyi, ya sauka ƙasa, ba ya son gudu, sai ka rage saurin ja.

Mataki na 3: Ƙugiya

A nan zan daɗe, domin duk abin da ka saya, sanda da na'urar naɗi da zare, aikinsu kawai su kai ƙugiya bakin kifi. Ita ce mafi araha a cikin kayan, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙugiya tana da ido inda ake ɗaura zare, da jiki, da lanƙwasa, da tsini, da kunne, wato 'yar ƙayar nan ta bayan tsini mai hana kifi zamewa. Tazarar da ke tsakanin tsini da jiki ita nake kira faɗin baki, kuma ita ce ma'aunin da ya fi komai muhimmanci.

Lambobinta suna rikita mutane. Daga 1 zuwa sama, duk yadda lamba ta ƙaru ƙugiya raguwa take yi: lamba 12 ƙarama ce ƙwarai, lamba 2 babba ce a kanta. Bayan lamba 1 sai lissafin ya juya, a shiga 1/0, 2/0, 3/0, a nan kuma ƙaruwar lamba ƙaruwar girma ce, 8/0 ta kusa cika tafin yaro. Wani abin kuma, kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Lamba 6 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, kuma ƙugiyoyin kwali masu 100 da masunta ke saya don mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, suna da nasu lissafin, lamba 10 ɗinsu ta fi lamba 10 ta 'yan fatsar sanda girma nesa ba kusa ba. Saboda haka kada ka yi aike da lamba kawai. Ka ba ɗan aiken samfuri a hannu.

A lissafin 'yan fatsar sanda, ga abin da nake amfani da shi. Karfasa da kawara lamba 8 zuwa 12. Ƙurungu lamba 4 zuwa 6, mai dogon jiki, don yana haɗiyewa, kuma dogon jiki na ba ka wurin riƙewa ka cire ba tare da ƙayarsa ta soke ka ba. Tarwaɗa matsakaiciya da ragon ruwa lamba 1 zuwa 3/0. Ramboshi 5/0 zuwa 7/0. Giwan ruwa da ƙoton karfasa mai rai 6/0 zuwa 9/0. In ka rasa tsakanin biyu, ɗauki ƙaramar. Ƙaramar ƙugiya mai ƙarfi tana kama babban kifi, babbar ƙugiya kuwa ba ta shiga bakin ƙaramin, sai dai ka riƙa jin ana cinye maka tana kana fizga a banza. Iyakar wannan shawara ita ce girman ƙoton: dole bayan ka soka shi tsini ya fito fili, da sauran sarari a faɗin bakin. Wanda ya binne tsini a cikin yankan kifi don kada kifi ya gani, ya rufe wa kansa ƙofa.

Sai siffa. Ƙugiyar da kowa ya sani, mai miƙaƙƙen tsini, ita ce ta fizga: ka ji cizo, ka ɗaga sanda da ƙarfi. Akwai mai 'yan ƙayoyi biyu a bayan jikinta, tana riƙe tana da hanji kada su zame, ta dace da tarwaɗa. Akwai kuma ƙugiyar da'ira, wadda tsininta ya lanƙwaso yana kallon jikinta. Wannan ba a fizgarta ko kaɗan. Kifi ya ɗauki ƙoto ya juya zai tafi, kai dai ka riƙe zare ya miƙe, ita da kanta za ta zamo daga maƙogwaro ta kama gefen baki. In ka fizga, fitowa za ta yi fayau. Na fi son ta ga ramboshi da giwan ruwa, musamman in zan kafa sanda in bar ta, kuma kifin da ta kama ba ya jin ciwon ciki, in ƙarami ne kana iya mayar da shi ya rayu. Ta ƙarshe ita ce mai baki uku da ke zuwa a jikin kifin roba. Tana kamawa da sauri, tana kuma kama kututture da ciyawa da yatsa da saurin nan.

Kaurin ƙarfe ma abin dubawa ne. Siriri yana shiga da sauƙi kuma ba ya kashe tana ko ɗan kifin da ka soka, amma giwan ruwa mai kilo 20 zai miƙar da shi kamar allura. Mai kauri yana buƙatar zare mai ƙarfi da sanda mai tauri kafin ya huda. Ka daidaita su: siririn zare da siririyar ƙugiya, kakkaura da kakkaura.

Kafin ka biya, yi gwaji biyu a gaban mai kaya. Ɗora tsinin a kan farcen babban yatsanka ka ja a hankali. In ya kama farce ya tsaya, yana da kaifi. In ya zame, dakusasshe ne. Sannan ka sayi ɗaya ka kama ta da filaya ka ɗan buɗe. Mai kyau tana turjewa ta koma yadda take. Wadda ba a gasa ƙarfenta daidai ba, ko dai ta buɗe ta zauna a haka, ko ta karye ƙaras. Sunayen da suka yi suna a duniya su ne Mustad na ƙasar Norway, wanda yake ƙera ƙugiya tun 1877 kuma masuntanmu suka daɗe da sanin tambarinsa na mabuɗi, da VMC na Faransa, da Gamakatsu da Owner na Japan. Amma suna a kwali ba ya hana jabu. Na taɓa sayen kwali guda a wata kasuwa da tambari mai kyau, ragon ruwa biyu a jere suka buɗe mini ƙugiya a bakin jirgi. Abin ya yi mini ciwo, domin tafiyar awa uku na yi. Tun daga nan ba na barin gaban mai kaya sai na yi gwajin filaya.

Mataki na 4: Jigi

Jigi ƙugiya ce da aka zuba wa kan dalma a wajen idonta, sai a sa mata jela ta roba mai laushi ko ta gashi. In za a ce in zaɓi ƙoton ƙarya ɗaya tak in shiga kowane ruwa da shi, jigi zan ɗauka. Yana da araha, yana kaiwa kowane zurfi, tsininsa sama yake kallo don haka bai cika maƙalewa ba, kuma kusan duk mafaraucin kifi yana cin sa.

Nauyi ne farkon abin zaɓe. Yawancin fakiti da ma'aunin Amurka, wato oza, suke zuwa: 1/8 giram 3.5 ne, 1/4 giram 7, 3/8 ya ɗan haura giram 10, 1/2 giram 14, cikakken 1 kuma giram 28. Ƙa'idata ita ce mafi sauƙin nauyin da zai kai ƙasa in ji shi. A ruwa mai kwanciya da bai wuce gaba 1 ba, giram 3.5 zuwa 5. Gaba 2 zuwa 3, giram 7 zuwa 10. Fiye da haka, ko a kogi mai ja kamar Binuwai ko Kwara a ƙasan Jebba, giram 14 zuwa 28. In iska ta taso tana kumbura maka zare, ƙara mataki ɗaya. Jigi mai nauyi fiye da kima yana faɗuwa kamar dutse ya shige tsakanin duwatsu, mara nauyi kuma ruwa ya ɗauke shi ya wuce saman kifi.

Jela ta biyo baya. Mai lanƙwasasshiyar wutsiya tana rawa ko da an ja ta a hankali, ta dace da sanyi da ruwa mai kwanciya. Mai faffaɗar wutsiya kamar filafili tana buga ruwa, kifi yana jin girgizarta ta layin nan da ke gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, don haka ita ce ta ruwan laka. Tsawo kuwa abin da ka gani a cikin kifi shi za ka kwaikwaya. A Kainji da Jebba, inda warangi, wani ɗan ƙanƙanin kifi mai launin azurfa, ya yi yawa, farar jela mai santimita 5 zuwa 7 tana aiki sosai. Don babban giwan ruwa sai ka haura santimita 12 zuwa 15 da ƙugiya 5/0 ko 6/0.

Wurin soka jela mutane da yawa suke ɓata aikin. Ɗora ƙugiyar a gefen jelar tukuna ka ga inda tsini zai fito, ka sa alama da farce. Soka ta tsakiyar hanci, ka tura a miƙe, ka fito daidai alamar, ka matsa ta har ta manne da kan dalma. Tsini ya fito a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, ko ya ɗan wuce, kada dai ya kai rabi ya sandarar da wutsiya. In ta karkace ko ta tattare, cire ka sake, domin karkatacciyar jela juyi take yi a ruwa, kifi kuma ba ya yarda da ita.

Yadda ake sarrafa shi: jefa, ka bar shi ya nutse kana ƙirgawa a zuci, idonka a kan zare. Da zarar zare ya saki, ya taɓa ƙasa. Riƙe wannan lissafin. Ɗaga kan sanda kamar kamu ɗaya ko biyu, ka sauke a hankali kana naɗe ragowar zaren, ka bar shi ya sake taɓa ƙasa. Yawancin cizo a lokacin faɗuwar nan yake zuwa, kuma ba kullum yake zuwa da ƙarfi ba. Wani lokaci ɗan taɓi ne, wani lokaci zare ya yi gefe, wani lokaci ya saki a ƙirga 5 alhali ɗazu sai 9. Duk wanda ka gani, ɗaga. In ƙasan na da kututture da yawa, fara naɗi kafin ƙirgarka ta cika da biyu, ya riƙa wucewa ta samansu.

Kana iya ɗaura jelarka da kanka. Gashin kaza fari, ko na zabuwa, ko na wutsiyar akuya, a naɗe shi da zaren ɗinki a wuyan jigin a ɗiga gam. A Amurka da gashin wutsiyar barewa suke yi, namu kuma bai gaza ba. Ga ragon ruwa da tarwaɗa ina ƙara ɗan yankan kifi ko rabin tana a tsinin, motsi da ƙanshi su haɗu.

Magana ɗaya a kan dalma, kuma da gaske nake yin ta. Na ga masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmar a tsakar gida, wani ma a tukunyar da za a sake girki da ita. Guba ce. A Zamfara a 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinare da ake daka a gidaje ta kashe yara sama da 400. Sayi kan jigi ƙerarre, kada ka danne dalma da haƙori, ka wanke hannu kafin cin abinci, kuma akwatin ya yi nesa da yara. Nauyin fatsar ƙasa kuwa noti ko tsohon fulogi ya wadatar.

Mataki na 5: Cokali, farfela da kifin roba

Cokali sunansa ya bi siffarsa: lanƙwasasshen ƙarfe mai walƙiya da ke tangaɗi in an ja shi, kamar kifin da ya ji rauni. Shi ne maganin tsage, domin haƙoransa suna datse jelar roba a cizo ɗaya, ƙarfe kuwa sai dai su bar masa zane. Nemi siriri mai giram 15 zuwa 30, ruwan azurfa ko na tagulla. Cire mai baki ukun da ya zo da shi ka sa ƙugiya ɗaya mai kaifi, 2/0 zuwa 4/0, domin baki uku raba ƙarfin fizga yake yi, ba ya huda ƙashin bakin tsage, kuma da ya yi tsalle ya girgiza kai sai ya watso maka shi. Ja shi da sauri, in ya ci kada ka bari zare ya saki, in zai yi tsalle ka sunkuyar da kan sanda. Wanda ba shi da kuɗin na kanti ya yanke mariƙin cokalin shayi ko na cin abinci, ya huda gaba da baya, ya sa zobe. Yana kamawa.

Mai farfela ɗan faifan ƙarfe ne da ke zagaya waya. Kamfanin Mepps na Faransa, wanda ya faro a 1938, shi ya fi shahara da shi. Lamba 1 da 2 suna kama kawara da ƙananan tsage, wani lokaci har karfasa mai gadin gurbinta. Na ruwa mara zurfi ne, kuma yana murɗe zare, sai da maɗauri mai juyi, wato ɗan ƙarfen da ake sawa tsakanin zare da ƙoto don hana murɗewa.

Kifin roba mai tauri shi ne mafi tsada, shi ya sa na bar shi a baya. Asalin shahararsa daga wani masunci ne ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, wanda a 1936 ya sassaƙa na farko da ɓawon itace ya naɗe shi da takardar ƙyalli, don ya lura manyan kifaye raunanan suke zaɓa a cikin garke. Abin dubawa a jikinsa leɓen da ke gabansa ne. Gajeren leɓe mai kallon ƙasa ba ya nutso sosai, dogon leɓe mai miƙewa gaba yana kai shi zurfi, kuma yawanci ana rubuta zurfin a fakiti. Harafin F yana nufin yana tasowa in ka tsaya, S kuma nutsewa yake yi. A wurin kututture ɗauki mai tasowa: in ka ji ya bugi itace ka dakata, ya taso ya wuce. Don giwan ruwa, mai santimita 11 zuwa 18, a sake shi bayan jirgi kamar gaba 15 zuwa 20 ana tuƙi da saurin tafiyar ƙafa, ana bin gefen duwatsu da tsohon kwarin kogi. A tafkin Nasser na Masar, inda aka kama mai kilo 104 da fatsa a shekarar 2000, jan kifin roba bayan jirgi shi ne babbar hanyarsu. Duba ƙugiyoyi da zobban da ya zo da su, na masu araha ba sa jure babban kifi, canza su tun a gida.

A fadama mai ciyawa, irin ta Haɗeja zuwa Nguru inda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, duk waɗannan ba za su yi taku biyu ba su ɗebo ganye. Wurin kwaɗon roba ne mai tsini a manne da bayansa, ko jela a ƙugiyar da ake ɓoye tsininta a fatar robar. In tufi ya kai hari a sama, ka ba shi daƙiƙa ɗaya ko biyu ya juya da shi kafin ka ɗaga.

Launi shi ne abin da masu saye suka fi ɓata lokaci a kai, ni kuwa a wurina shi ne na ƙarshe, bayan zurfi da sauri da girma. Ruwa garau da rana: fari, azurfa, ko launin ɗan karfasa. Ruwan laka: ruwan gwal, ruwan lemo, rawaya mai haske, ko baƙi ƙirin, wanda inuwarsa ke fita sosai. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, a zurfi duhu kawai yake komawa. Launi uku sun ishe ka.

Mataki na 6: Abin da ke tsakanin zare da ƙugiya

Inda akwai tsage, sa waya kamu ɗaya mai ɗaukar kilo 15 zuwa 20, in ba haka ba kowane hari cokali ɗaya ne ya tafi. Giwan ruwa ba ya datsewa da haƙori, amma bakinsa kaushi gare shi kamar sanfefa, marfin kunnensa kuma yana yanka kamar reza, don haka a ƙara masa gaba ɗaya na zaren roba mai kaurin milimita 0.80 zuwa 1. Hannunka ma ka kiyaye da wannan marfin. Karfasa a ruwa garau siririn zare take so, 0.20 zuwa 0.25. Tarwaɗa ba ruwanta da kauri.

Ƙulli ɗaya ka iya da kyau ya fi biyar na kame-kame. Ninka bakin zaren biyu, zura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli na yau da kullum sako-sako, zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin zoben da ya rage, jiƙa da yawu, ja a hankali har ya zauna, ka yanke saura. Jiƙawar tana hana zafin gogayya ya raunana zaren.

Mataki na 7: Haɗa akwatin farko, ka gwada

Ga mai farawa, ƙugiyoyi lamba 10, 6, 1, 3/0 da 'yan 6/0 na da'ira, kan jigi giram 7 da 14 kamar biyar-biyar, jela fara da rawaya fakiti ɗaya-ɗaya, cokali 2, mai farfela 1, kifin roba mai leɓe 1, waya, maɗauri mai juyi, filaya da ɗan dutsen wasawa. Duk wannan zai shiga robar da ba ta fi ta abincin ɗan makaranta ba. Sauran kuɗin ka biya mai jirgin da ya san ruwan, ka sayi rigar kariya daga nutsewa.

Da ka isa, ka fara gaida sarkin ruwa ka nemi izini, ka tambayi inda aka shimfiɗa kalli, wato ragar kama kifi, da mamari, da inda dorina take, da gefen da babu tsaro. Kifin roba mai baki uku in ya faɗa cikin kallin wani, kai ka yi asara, shi kuma ka yaga masa abin da yake ci da iyali.

Kowane sabon ƙoto ka ja shi a gabanka a ruwa mara zurfi ka ga rawarsa kafin ka jefa nesa. In kifin roba yana karkata gefe ɗaya, lanƙwasa zoben hancinsa kaɗan da filaya zuwa ɗaya gefen. In ka yi jifa 20 babu labari, canza zurfi tukuna, sannan sauri, sannan girma, launi a ƙarshe, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya don ka san wanda ya yi aiki. In ana bin ƙoton ana juyawa, rage girma. In ana cizo ba ya kamawa, duba kaifin tsini, domin taɓa dutse sau ɗaya yana dakusar da shi.

In kana tare da yara, danne kunnen ƙugiyoyin da filaya. Ƙugiya mai kunne in ta shige nama ba a jan ta baya da ƙarfi, in kuma ta yi zurfi ko tana kusa da ido, asibiti za a nufa, a kuma yi allurar tetanus. Manyan giwan ruwa yawancinsu mata ne masu ɗauke da ƙwai, ni in na samu na ci, ƙatuwar nakan sake ta, haka ma ƙananan da ba su kai haihuwa ba.

Da ka dawo gida, kada ka rufe akwati da jiƙaƙƙun kaya. Baza su a inuwa su bushe, ƙugiya ɗaya mai tsatsa tana shafa wa sauran. Jelar roba a bar ta a ledarta, domin in ta haɗu da kifin roba mai tauri a zafin mota narkar da juna suke yi, launi kuma yana zuba. Ƙulla 'yar shinkafa a tsumma ka jefa cikin akwatin ta shanye laima, ka shafa wa ƙugiyoyin ɗan man gyaɗa. Kada ka sa baƙin mai ko kananzir, tarwaɗa da ƙurungu suna jin warinsa a jikin ƙoto. Sannan ka bi gaba biyu na ƙarshen zarenka da yatsu, duk inda ka ji kaushi ka yanke daga nan ka sake ƙulli kafin fita ta gaba.